Kayan "oganik" na Lekki ko na kasuwar Mile 12?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kayan da ake rubuta wa "oganik" (wato waɗanda aka noma ba tare da takin zamani ko maganin ƙwari na zamani ba) a kantunan Lekki ta Legas sun fi na kasuwar Mile 12 lafiya har a biya ninkin kuɗi. Wajen gina jiki bambancin kaɗan ne, tumatirin Kadawa da aka sa wa takin zamani yana ciyar da iyali lafiya lau. Matsalar tana wajen maganin ƙwari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma a sito ake yin sa, wato waken da ake zuba wa Sniper don kada ƙwari su ci. Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ni a Mile 12 sai na ɗebo hannu guda na shinshina. In na ji warin magani na wuce, in na ga 'yan ƙwari kaɗan hankalina ya fi kwanciya. Alayyafo da latas kuwa ki wanke su sosai, ki ɗauraye sau biyu.

Ta fuskar gona, takin shanu irin wanda masu noman oganik ke sawa yana riƙe damshi, ƙasa ba ta saurin gajiya, sai dai amfanin da ake girbewa yakan ragu, wannan yana cikin dalilan tsadar.