PS5 mai cin faifai ko marar faifai?

Ɗan'uwa, ka ce kana Maradi, kana shawarar sayen PS5, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, mai cin faifai ko marar faifai da ta fi araha. Ni dai mai faifai nake ba ka shawara.

Tun 2020 Sony ta fito da iri biyun, kuma a Turai da Amurka yawancin cinikin wasanni ya koma ta intanet. Amma babban wasa ɗaya kan kai giga 50 zuwa 100. Lissafa kuɗin data, ga kuran na iya ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Faifai kuwa, in ka gama ka sayar, ko ku yi musaya da aboki. Wanda ka saya ta intanet yana maƙale da asusunka, ba ya sayuwa.

Sai dai faifan ma yakan nemi sabuntawa, kada ka zaci ka rabu da data ke nan. Katin PSN kuma, wato katin zuba kuɗi a asusunka na PlayStation don sayen wasa ta intanet, dole ya dace da ƙasar asusunka. Katin Amurka ba ya shiga asusun Faransa. Ka guji asusun da ake sayarwa cike da wasanni, mai shi na iya ƙwacewa.

In ta hannu za ka saya, tafi da mai gyara ya gwada cin faifan a gabanka kafin ka biya.