Yaya, ga amsar tambayarka kan hoton nan da ina kwasar kwal

Yaya barka da warhaka, ya iyali, ya jikin Hajiya. Na saurari sakon muryarka har sau biyu, kuma na san damuwa ce ta sa ka tambaya, ka ga hotona da rigar leburori fuska duk ta yi baki ina rike da shebur sai ka dauka ko aikin asibitin ne ya kare na koma dako. Wallahi aikina yana nan lafiya lau. Wancan da ka gani aikin sa kai ne, ko kwabo ba a biyana, hasali ma ni nake zuba man motata in je, kuma hutuna na shekara na tsakura na je na yi shi.

Wurin sunansa Keighley and Worth Valley Railway, wani dan guntun layin dogo ne da bai wuce mil 5 ba a yankin Yokshaya, kusa da Biradfod inda muke zaune. Tun 1867 aka bude shi, a 1962 hukumar jiragen kasa ta rufe shi saboda ba ya kawo kudi, sai mutanen yankin suka ce ba su yarda ba, suka hada kungiya suka karbi layin suka sake bude shi a 1968, wato shekarar da Ingila ta daina amfani da jirgi mai kwal a manyan layukanta. Tun daga lokacin yawancin masu tafiyar da shi 'yan sa kai ne, direba, mai zuba kwal, mai sayar da tikiti, mai sigina, mai shara. Kuma ba su suka fara ba, wani karamin layi a Wales mai suna Talyllyn shi ya fara wannan tsari a 1951.

To akwai bikin da suke yi a layin da suke kira gala, kamar hawan sallah ne a wurinsu, kwana uku ko hudu ana fito da kawunan jirgi da yawa a lokaci guda, har a aro wasu daga wasu layukan a dauko su a kan tirela ta titi, jama'a su cika tasha da kyamarori tun safe. Su masu kallo hayaki da usur kawai suke gani. Mu kuwa muna shedi, wato rumfar ajiye kawunan jirgi da ke kauyen Haworth a kan layin, tun kafin asuba, don kan jirgi mai tururi ba mota ba ne da za ka murda makulli, idan tukunyar ta huce tun daren jiya ake sa mata 'yar wuta kadan ta dumama a hankali, in ka gaggauta karfen zai iya samun illa. Da asuba a duba ruwa a gilashin awo, a jika tsumma da kananzir a kunna, a dora itace sannan kwal, sai a yi awanni ana jira tururi ya taru, a cikin jiran ne muke goge jikin jirgin da tagullarsa a zuba mai a duk gabobinsa. Ni har yanzu a matakin mai gogewa nake, daga nan ake zama mai zuba kwal, daga nan direba, kuma shekaru ake yi ana jarrabawa ana duba lafiyar ido da kunne, ko kai waye a waje nan sai ka fara da tsumma. Wanda yake koya min dattijo ne da ya haura saba'in, akwai kuma lauya da direban bas da dan makaranta duk layi daya muke kwasar toka da daddare bayan an tashi.

Ka ce wai me zai sa mutum da hankalinsa ya yi wa Turawa wahala a banza. Yaya ai gayya ce. Ka tuna yadda ake taruwa a gonar wanda ba shi da karfi a nome masa a sha kunu a watse, ba wanda ya taba cewa an yi asara, to nan ma haka ne sai dai su sun sa abin a takarda, akwai jadawali kowa ya rubuta ranar da zai zo kuma in ka rubuta dole ka zo saboda jirgi ba zai tashi ba in babu kai. Kuma abin da ba za ka gane ba sai ka zauna a nan shine kasar nan babu zaure, babu majalisar kofar gida, makwabcinka zai shekara goma iyakarku gaisuwa, in kana so a san ka a matsayin dan gari to sai ka ba da lokacinka a wani wuri. Shi ya sa mu Hausawan nan da yawa muka rungumi abin, matata tana raba abinci ga mabukata ranar Asabar, wani abokina yana horar da yaran unguwa kwallo, 'ya'yanmu kuma in sun zo neman aiki ko gurbin jami'a ana duba irin wannan hidimar sosai. Ni dai jirgi ne ya ja ni.

Maganar addini da ka tabo ita ma gaskiya ce, wurin ana sayar da giya kuma suna da al'adar soya kwai da naman alade a kan shebur cikin wutar jirgi. Tun ranar farko na fada musu ba na ci ba na sha, ba wanda ya sake yi min tayi, ina zuwa da abincina, in lokacin sallah ya yi in samu gefe in shimfida darduma wani ya rike min aikina. Akwai shekarar da galar watan Maris ta fado cikin azumi, wannan dattijon da kansa ya rika duba agogo yana tambayata karfe nawa ake shan ruwa, da lokacin ya yi ya miko min shayi da hannunsa mai bakin mai.

Kuma akwai abin da ya fi komai rike ni. Jirgi ya iso Kano a 1911, kwal din Inugu ne ya rika jan gyadarmu zuwa Legas, kuma wasu daga cikin kawunan jirgin da suka yi wannan aikin, wadanda ake sa wa sunayen koguna, a wata masana'anta mai suna Vulcan Foundry aka kera su, tsakanin Manchesta da Libaful, ba nisa da nan. Ranar da na fara tsayawa kusa da tukunya na ji warin kwal da mai mai zafi sai labaran Baba na tashar Kano suka dawo min, yadda yake kwaikwayon karar jirgi in ya dauko kaya yana hawa tudu, wallahi haka karar take in jirgi ya fito daga Keighley, garin da layin ya fara, don hawa ne sosai a wurin, sai da na koma gefe na share hawaye. Abin yana min ciwo yadda namu da yawa suka zama tsatsa a bayan tashoshi alhali wadannan ana ta lallaba su, duk shekara 10 sai an kwance tukunya an duba ta da kudin tikiti da gudummawar jama'a, ga kwal ma ya yi wuya tun da aka rufe mahakar Ffos-y-fran ta Wales a 2023 yanzu sai an shigo da shi daga waje.

Na tura maka bidiyo ta WhatsApp, don Allah ka kunna wa Hajiya ka kara sauti daidai inda yake busa usur, ka tambaye ta ko irin wanda take ji ne daga gidanmu na da. In Allah ya sa bizarka ta fito ka zo da tsofaffin kaya da ba ka jin asararsu, zan nemi izini in shiga da kai shedin ka ga yadda ake tada wutar.