Kaya a kan keke daga Kano zuwa Daura: sauke jakar nan daga bayanka tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na ce bari in samu natsuwa kafin in sa baki. Ka ce kana son hawa keke daga Kano zuwa Daura a hutun ƙarshen shekara, kana da tanti da bargo da risho da tukunya, kuma niyyarka ka cusa su duka cikin babbar jakar goyo ka saɓa. Don Allah kar ka soma.

Ni na yi wannan gangancin a tafiyata ta farko kan wannan hanyar. Kafin in kai Dambatta kafaɗuna sun yi tsami, rigata ta jiƙe sharkaf duk da sanyin da ake yi, sannan inda ya fi shan wuya shi ne mazaunai, domin duk nauyin da ka goya a kan sirdi yake ƙarewa. A gefen titi na sayi robar tsohon tif wajen wani mai faci, na ɗaure jakar tsaye a kan kariya, na ɗauka na huta. Ashe da sauran rina a kaba. Kayan sun yi tsororuwa sama, keken ya riƙa kaɗa gindi kamar agwagwa, in na miƙe kan feda sai ya nemi kayar da ni, a hawan da ke kusa da Kazaure kuwa tayar gaba har ɗagawa take yi. Sau biyu ina jingina shi da bishiya yana kifewa.

Abin da na koya daga nan shi ne kaya ƙasa-ƙasa suke so, gefe da gefen taya, kamar mangala a bayan jaki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa jaki lodi ya riga ya san karatun: dama da hagu su yi daidai, mai nauyi ya zauna can ƙasa. Kayan gyara, abinci da ruwan ajiya su sauka gindin jaka kusa da tsakiyar taya. Saman kariya na marasa nauyi ne masu cin wuri, wato bargo da tabarma da tanti. Kuma kar ka jibge komai a baya. Ni kashi biyu nake sawa a baya, kashi ɗaya a gaba, sai ka ji kan keken ya natsu a hannunka.

Maganar jakunkunan gefe kuwa, akwai na kamfanin Ortlieb na Jamus, guda biyu suna cin lita 40, ruwa ba ya shiga. Suna da kyau, amma kuɗinsu sai ya saya maka wani keken. Ni jarkoki biyu masu lita goma-goma na samu, na yanke samansu ya zama murfi, na huda gefe na sa ƙugiyoyin ƙarfe biyu-biyu da noti da washa, sannan roba ta ja gindin kowace ta ɗaure da ƙafar kariya don kar ta riƙa lilo. Ba ƙura, ba ruwa, in ka sauka kuma ga kujera. Wani abokin tafiyata mai ɗinkin tamfol ne ya ɗinka masa nasa, ya sa falanki siriri ta ciki don kar jakar ta lanƙwasa ta shiga wayoyin taya. Kowanne ka zaɓa, ka gwada abu ɗaya kafin ka huda: hau, ka juya feda, ka ga ko dugaduganka na taɓa jakar. Tawa ta farko na kafa ta gaba da yawa, kowane juyi sai na ji ƙwas a diddige. Yini guda ana yi maka haka sai ka ji kamar ka jefar da keken a kwalbati. Na matsar da ita baya kamar faɗin yatsu uku, shi ke nan.

Kariya ita ce uwar tafiyar. Nemi ta ƙarfe, wadda ta kama jikin keke a wuri huɗu. Ka guji mai maƙalewa a sandar sirdi kaɗai, ta 'yan makaranta ce. Dalilin da na ce ƙarfe, in ta karye kowane mai walda a kowane gari zai ɗinke maka ita, ta alminiyom kuwa sai ka sha yawo. Notocinta kuma girgizar hanya na kwance su a hankali. Bayan na wuce Kazaure ɗaya ya faɗi ban sani ba, sai ji na yi kaya sun zauna kan taya, ƙiii. Da wayar ɗaure rodi na lallaɓa har gari na gaba. Tun daga ranar, kullum da asuba bayan salla sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, kuma ina da guda huɗu na ajiya a cikin gwangwanin mentoleta. Ka kai wilin baya wajen mai gyara ya ɗaure wayoyinsa tun a Kano, ka riƙe 'yan ƙari, don su ne ke fara tsinkewa in lodi ya yi yawa, galibi ta ɓangaren sarƙa.

Yanzu ga inda wataƙila za mu saɓa. Risho da tukunya, bar su a gida. Hanyar nan ba dokar daji ba ce, kusan kowane gari akwai mai shayi, mai ƙosai, mai fura. Na taɓa ɗaukar risho, kananzir ya tsiyaye cikin garin kwakina, kwana biyu ina gyatsar kananzir. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da ɗan kilishi sun isa tsakanin gari da gari. Ruwa ne ba a wasa da shi, amma ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Lita uku nake riƙewa, ina cikawa duk inda na ga famfo. Ban da ruwa, ba na yarda kayana su wuce kilo 15.

Tanti ma ina da ja a kansa. A tafiyar Daura sau ɗaya na kafa nawa, sauran dararen a zaure na kwana. Ka isa gari kafin magariba, ka yi salla da jama'a, ka nemi a kai ka wurin maigari ka gabatar da kanka da katin shaidarka. Da wuya a bar ka a waje, tuwo ma sai ka ture. A yanayin tsaron da ake ciki kuma, baƙo ya kafa tanti a bayan gari ba da sanin kowa ba neman magana ne, ko 'yan sintiri sun ishe ka. Gidan sauro, tabarma da bargo mai kauri sun fi yi mini amfani, don sanyin asubar Disamba a wajen Daura ba ya jin rarrashi. In ka nace sai da tanti, raba shi: ƙyallen a kan kariya, sandunan ka ɗaure su a jikin sandar keke. Kafin ka shimfiɗa ka share wurin da takalmi, tsidau da ƙarangiya ba sa barin ƙasan tanti, ba sa barin taya. Kar ma ka tura keke ƙarƙashin aduwa don neman inuwa, ƙayarta guda ta gama da tif.

Sannan iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma arewa ka nufa, wato a fuska za ka sha ta wajen zuwa. Duk abin da ya yi fuka-fuki a gefen keke, kamar tabarma a gicciye, zai riƙa ja da kai baya. Naɗe ta ka kwantar da ita bisa tsawon kariya. Waya, kuɗi, katin shaida da tocilan su zauna a ƙaramar jaka a kan keke ta gaba, wadda za ka cire ka shiga masallaci da ita. Famfon iska, faci, tif biyu da sifana su kasance a sama-sama, kar taya ta sace ka tsaya kwance lodi gaba ɗaya a bakin titi, yara sun kewaye ka suna kallo.

Ranar Asabar mai zuwa ka yi lodin nan cif yadda za ka tafi da shi, ka hau zuwa Dawanau ka dawo, ka shiga gargada da gangan. Abin da ya yi ƙara ka ɗaure, abin da ya goge ka ka matsar. Sannan ka turo hoton keken ta gefe da ta baya, ina so in ga irin kariyar da ke jikinsa kafin ka huda jarka.