Laifin uwa ne ko na masu talla?

Hajiya, kin tambaya ko laifinki ne da yaro ya ƙi tuwo sai biskit da lemon kwalba, ko kuwa na masu talla. Kowa da kasonsa, amma naki bai kai nasu ba.

Yaron da bai kai shekara 8 ba bai gane cewa talla neman kuɗinsa take yi. Shi ya sa ake zana katun a jikin leda, a jera alewa daidai idonsa a kanti, a sa mata sefa 25 ko 50, daidai canjin da kike danƙa masa da safe. A Garwa ko Marwa babbar tallar ba a talabijin take ba, tana bakin ƙofar makaranta lokacin tara, inda ba kya nan.

Abin da ke hannunki shi ne lissafi. Duba bayan kwalba inda aka rubuta "dont sucres", wato yawan sukari da Faransanci, adadin na kowane mililita 100 ne, sai ki ninka daidai girman kwalbar. Gwangwanin kola mai santilita 33 yana da sukari kusan giram 35, wato ƙwaya bakwai irin na shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada babba ma ya wuce wajen giram 25 a wuni. Kuma kada zoɓon leda ya ruɗe ki don na gida ne, ana zabga masa sukari. Ki rage kuɗin hannu, ki ƙulla masa dafaffen ƙwai, gyaɗa ko dabino biyu-uku, ya karya kumallo kafin ya fita. Hani dungurungum ba ya aiki, wajen abokai zai sha a ɓoye. Ware masa rana ɗaya, ko Juma'a.

Sauran kuwa ya fi ƙarfin uwa ɗaya. Ƙasar Chile ta sa baƙin tambarin gargaɗi a jikin irin kayan nan tun 2016, ta kuma hana zana musu katun. Mu a nan, mafi kusa shi ne taron APEE, wato ƙungiyar iyayen yara da malamai. Ku nemi a rubuta abin da za a sayar a harabar makaranta, a samar da ruwan sha mai tsabta. Kada dai ku kori masu tallar, da yawansu iyaye ne masu neman na cefane, in an kore su bayan katanga za su koma. A zauna da su su sauya haja, ƙosai, ƙwai, kindirmo, mangwaro in lokacinsa ya zo.