Batir mai lamba 9,900, da sauran tambayoyin masu ƙera jirgin ruwa na wasa

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Na haɗa ɗan jirgin ruwa da falankin katako, tsawonsa kamu biyu. Wane moto zan saka masa?"

Ƙanena, fara da moto mai burushi, mai waya biyu, irin wanda ake kira 380 ko 540. Yana da araha, ba ya da fitina, kuma batir mai bolt 7.2 ya ishe shi. Maras burushi mai waya uku ya fi gudu da ƙarko, amma sai da na'urar sarrafa gudu irin tasa, wadda 'yan kasuwa ke kira ESC. Lambar KV da ke jikinsa tana nufin juyi nawa yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt: mai 3,000 a kan bolt 7.4 ya haura juyi 22,000 idan ba kaya. Jirgin katako na farko ba zai ɗauki wannan ba, kifewa zai yi. Kuma kada ka ɗora wa ƙaramin moto babbar farfela, wuta zai ja har ESC ta ƙone.

Wani daga Kano: "Na sayi batir huɗu irin 18650, kowanne an rubuta 9,900mAh, da arha sosai. Minti huɗu jirgin ya tsaya a tsakiyar kududdufi. Ko moto ne?"

Malam, moto bai yi maka laifi ba. An sayar maka da lamba ne.

Sunan 18650 awo ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Manyan kamfanonin da suka ƙware a kansa, su Panasonic da Samsung da LG, iyakar abin da suke iya cusawa cikin wannan ɗan gwangwani bai wuce wajen 3,500mAh ba. To wane ne ya fi su, har ya ninka kusan sau uku, sannan ya sayar maka a ƙasa da kuɗinsu? Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 5,000 ko 6,800 ko 9,900, ajiye shi ka yi gaba. Wasu tsofaffi ne da aka ciro daga matattun batiran laftof aka sake musu riga mai ƙyalli. Wasu kuma in an fasa, ƙaramin batir ne a ciki, sauran wurin an cike shi da gari. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48. Ka roƙi mai sayar da gwal ko azurfa ya ɗora maka a sikelinsa. In ka ga talatin da 'yan kai, ka san inda aka dosa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mu ne muke koya wa 'yan kasuwa wannan. Mutum ya shiga shago, a nuna masa mai 2,500 na gaskiya da mai 9,900 na ƙarya a rabin kuɗi, ya ɗauki na biyu yana murna ya yi wayo. Bayan sati biyu ya dawo ya sake saye. Araha ba ta ado, kun sani, amma ba ku ji. Wanda zai kwana yana ciniki a kan kwanon masara, sai ya miƙa kuɗi a kan batir ko tambaya babu.

Akwai kuma abin da lambar mAh ba ta faɗa. Ita tana gaya maka girman randa ne, ba faɗin bakinta ba. Batirin laftof, ko na gaske ne, an yi shi don ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan, moton jirgi kuwa kamfata yake yi. Shi ya sa masu gudu suke sayen wani irin batir da ake kira LiPo, mai lambar C a jiki, wadda ke nuna yawan wutar da zai iya fitarwa a lokaci ɗaya. Mai 2,200mAh da 25C, a lissafi zai iya ba da amfiya 55. Ita ma wannan lambar ana ƙara mata gishiri, don haka ka ɗauki rabinta a matsayin gaskiya.

Wani kuma yana tambaya ko zai iya yanke kan cajar laftof ya jona kai tsaye a batirin LiPo mai bolt 7.4, "tunda duk wuta ce".

Duk wuta ce, har da gobara. Cajar laftof yawanci wajen bolt 19 take fitarwa. Batirinka ɗaki biyu ne, wato ƙananan batira biyu a haɗe, kowanne iyakarsa bolt 4.2, jimla 8.4. Nemi caja mai daidaita ɗakuna, wadda ake soka mata ɗan farin kan nan mai wayoyi sirara. iMAX B6 ta yi suna, jabunta ma sun cika kasuwa, sai ka duba da kyau. Mai 2,200mAh a yi masa caji a amfiya 2.2, kar a wuce.

Wata uwa daga Maraɗi: "Batirin jirgin ɗana ya kumbura kamar fanke. Shekararsa 12, a ɗaki yake cajinsa. Hankalina ya tashi."

Hajiya, kin kyauta da kika lura, kwantar da hankalinki. Batir mai kumburi ya gama aiki: kada a sake masa caji, kada a matsa shi, kada yaro ya huda shi don ya ga abin da ke ciki. A sa shi cikin tukunyar ƙasa ko bokitin ƙarfe mai yashi, a tsakar gida cikin inuwa, nesa da itace da fetur ɗin janareta. Ba lallai sakacin yaron ba ne kaɗai. LiPo yana kumbura idan an shanye shi ƙasa da bolt 3 a kowane ɗaki, ko an ajiye shi cike makonni, ko an bar shi a rana, ga kuma zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40. A shekarunsa ki saya masa wani irin batir mai caji da ake kira NiMH, mai ɗaki shida. Ya fi nauyi, gudun zai ragu, amma yana da haƙuri. Caji kuma a kan siminti, babba yana kusa, ba a kan katifa ba, ba kuma a jona a kwanta ana jiran a kawo wuta cikin dare ba.

Na ƙarshe, daga Yawuri: "Batirin fitila mai caji, bolt 6, zai yi?"

Zai yi, idan jirgin mai faɗi ne mai tafiya a hankali. Na dalma ne, nauyinsa ma zai zaunar da jirgin a ruwa. Ka kwantar da shi a tsakiya can ƙasa, ka ɗaure shi kada ya gangara, ka sa fis a wayar ja kusa da batirin.