Tambaya da Amsa: Mota Mai Gado Shida, Amma Mutum Nawa Za Ta Ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Birtaniya da maiɗakina da yara huɗu. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi motar nan mai ɗaki a ciki, mai gado da kicin da banɗaki, mu riƙa zaga ƙasa lokacin hutun makaranta. Na ga wata a Facebook, ƙirar 2009 a kan Fiat Ducato, gado shida, mil dubu 31 kacal ta yi, kuma MOT ɗinta, wato takardar gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sabo ne. Mai ita ya ce in tura fam 500 na kafin alƙalami kafin Juma'a, in ba haka ba wani zai ɗauka. Lasisina na nan ƙasar ne, na 2019. Gabana yana faɗuwa, domin kuɗin gumi ne. In tura?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tura ko sisi. Faɗuwar gaban nan da kake ji ita ce ta fi mai motar gaskiya. Ba a biyan kafin alƙalami a kan motar da ba a gani da ido ba, ba a taɓa da hannu ba. 'Yan damfara sun daɗe da gano wannan kasuwa: su kwaso hotunan motar wani, su sa farashi mai rahusa, su ƙirƙiro wani mai saye da ke jira a bakin ƙofa. Ka ce za ka zo ka gan ta a adireshin da ke kan takardar V5C, wato takardar rajistar motar, ka haɗa lambar jikin motar da ta takardar, ka biya 'yan fam kaɗan a bincika maka ko akwai bashin kamfanin lamuni a kanta. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Amma a ce motar gaskiya ce, mai ita ma mutumin kirki ne. Duk da haka akwai abin da ya fi fam 500 ɗin nan haɗari, kuma kusan kowane sabon mai saye a nan yake faɗawa: ganin "gado shida" a talla, sai a ɗauka mutum shida za ta kwasa da kayansu. Ba haka ba ne. Gado wurin kwana ne idan mota tana tsaye. Abin da ke nuna mutum nawa za ta yi tafiya da su abu biyu ne, yawan kujerun da ke da bel, da nauyin da doka ta yarje mata.

Fara da bel. Shiga ka ƙirga da hannunka. Tsofaffin motoci masu gado shida da yawa bel huɗu gare su, biyu a gaba, biyu a teburin cin abinci. Dogon bencin nan da ke fuskantar gefe ba wurin zaman tafiya ba ne, kuma ba a ɗaura kujerar yaro a kansa. Ka san dokar nan: yaro sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya rabu da kujerarsa. In bel huɗu ne, ciniki ya mutu, komai kyan labulenta. Kada wani mai walda ya ce zai ƙara maka bel biyu a jikin akwatin katako. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, da bel ɗin da katakon da yaron tare za su tashi.

Sai nauyi, inda nake son ka zauna ka yi lissafi da biro. Lasisinka na 2019 rukunin B ne, iyakarsa kilo 3,500, da mota da mutane da duk abin da ke ciki. Waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 ne suka samu rukunin C1 a kyauta, mai kai wa kilo 7,500. Kai sai ka je likita ya cike maka fom, ka sake jarrabawa. Saboda haka ne kamfanoni ke matsa manyan motoci su rubuta musu 3,500, don kowa ya iya saye, alhali motar ita kanta ta cinye kusan duka nauyin tun ba a sa cokali ba.

Mu ɗauki misali. A ce littafin motar ya ce nauyinta a shirye kilo 3,050 ne. Galibi wannan ya haɗa da direba mai kilo 75 da tankin mai kusan cike. Saura 450. Uwargida da yara huɗu, mu ce 210. Saura 240. Tankin ruwa mai lita 100, in ka cika shi kilo 100 ne cif, kuma ba kowane kamfani ke sa ruwan a lissafinsa ba. Saura 140. Rumfar gefe da mai motar na baya ya ɗaura, wajen 35. Batir na biyu, wajen 25. Tukunyar gas biyu cike, kusan 30. Saura 50. Har yanzu ba a ɗauko buhun shinkafa ba, ba galan ɗin mai, ba tukwane, ba barguna, ba akwatunan mutum shida, ba kekunan yara. Kuma an yarda wa kamfani nauyin da ya rubuta ya saɓa da na gaskiya da kashi 5 cikin ɗari, wanda a wannan motar ya kai kilo 150. Ka ga kenan tana iya wuce ƙa'ida tun kuna ƙofar gida.

Na san abin da za a ce maka a majalisa: "Haba, wace mota ce ba ta ɗaukar ƙari? Ai a gida Sharon mutum goma take kwasa da buhuna a sama." To, wannan tunani a bar shi a tasha. Motar nan doguwa ce, sama gare ta, iska tana kaɗa ta idan tirela ta wuce. Idan ta yi nauyi, nisan da take ci kafin ta tsaya yana ƙaruwa, birki yana zafi a gangara irin ta tsaunukan Wales ko Sikotilan har ya daina kamawa, tayar baya tana ɗaukar zafi ta fashe. Kuma ba jimillar kaɗai ake dubawa ba. Buɗe bonet ko ka duba bakin ƙofa, za ka ga ƙaramin allon ƙarfe mai lambobi huɗu: na farko iyakar nauyin motar, na biyu har da abin da take ja, na uku iyakar tayoyin gaba, na huɗu na tayoyin baya. In kamfanin da ya gina ɗakin ya sa nasa allon, da nasa ake aiki. Kekuna uku a rataye can bayan mota suna danna tayoyin baya fiye da nauyinsu, suna ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ana iya kama ka da laifin tayoyin baya ko da jimillar ba ta kai 3,500 ba. Jami'an hanya suna da sikeli, suna cin tara, suna hana mota motsi sai an sauke kaya a gefen titi. Mafi muni, in aka yi haɗari aka auna ta, kamfanin inshora ya samu ƙofar zillewa.

Maganin ba tsada. Kafin ka biya, kai da mai motar ku kai ta sikelin manyan motoci na jama'a, a auna ta gaba ɗaya, sannan gaba daban, baya daban, a ba ka takarda. Debe abin da ya fito daga 3,500. Iyali mai mutum shida in ba su samu ragowar kilo 600 ko fiye ba, ko dai su nemi wata, ko maigida ya je ya yi C1 ya sayi mai 4,250 ko sama. Wanda ya ƙi a auna motarsa ya san abin da sikeli zai faɗa.

Batun mil dubu 31 kuma, kada ya ruɗe ka. Injin Ducato an yi shi ne don masu kai kaya da ke cin ɗaruruwan dubban mil. Abin da ke kashe irin wannan mota zama ne da ruwa. Ruwan sama yana bi ta bakin taga da tagar rufi da haɗin bango, ya ruɓar da katakon ciki shiru. MOT ba ya duba wannan ko kaɗan, abin da yake dubawa su birki ne da fitila da hayaƙi. Nemi takardun binciken ɗakin na shekara-shekara, sannan ka ɗauko ma'aikaci mai rajista, naka ba na mai motar ba, ya zo da na'urar auna danshi. Ƙasa da kashi 15 lafiya lau, daga 20 zuwa sama akwai magana, in ta kai 30 ka juya. Kai ma sa hanci: buɗe kabad na sama, ɗaga katifar gadon da ke saman direba, danna kusurwoyi da babban yatsa. In bango ya lotsa kamar burodi, ko ka tarar an fesa turare an buɗe tagogi kafin ka iso, ka gane.

Duba gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekarar da aka ƙera ta: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayar da ta haura shekara bakwai a canza ta ko da zanenta bai ci ba. In injin mai lita 2.3 ne, tambayi rasit na canjin taimin bel, wato bel ɗin cikin injin, domin shekaru ke cin sa, ba mil kaɗai ba. Ka tabbata lasisinka ba na otomatik kaɗai ba ne, yawancin motocin nan giyar hannu gare su. Kuma dizal ɗin 2009 bai kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba, don haka duk ranar da ka shiga tsakiyar Birmingham za ka biya kuɗin gurɓata iska fam 8, Landan kuma fam 12.50.

Idan Allah Ya sa kun samu ta gari, a sa na'urar da ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru, kuma a faɗa wa uwargida cewa kaskon turaren wuta da gawayi ba sa shiga motar nan, ko da taga a buɗe. Tankin banɗakin ma bai kai lita 20 ba, mutum shida masu tsarki da buta za su cika shi cikin yini ɗaya, sai a riƙa zaɓar masauki mai wurin zubarwa. Kafin duk wannan, ka yi hayar irinta na kwana uku, ku loda kayanku kamar yadda kuka saba, ka bi da ita ta kan sikeli a hanyar fita gari.