Wa Ya Kamata a Ɗora wa Karɓar Koken Cin Zarafi a Wurin Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shugabantar wani kamfanin sarrafa gyaɗa da riɗi a nan Damagaram, muna da ma'aikata kusan 60, fiye da rabinsu mata ne, kuma muna da ƙaramin reshe a Magarya. Abokan hulɗarmu na waje sun gindaya mana sharaɗin naɗa wanda zai riƙa karɓar koken cin zarafi da rahoton saɓa ƙa'ida kafin su sabunta yarjejeniya da mu. Mutum biyu ne a raina: shugaban sashen ma'aikata, wanda ƙanen matata ne kuma ya san dokar aiki, da wani dattijo mai kula da sito wanda kowa ke ganin girmansa. Wanne ya fi dacewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka ɗora wa ko ɗaya daga cikinsu wannan nauyi. Ban san su ba, kuma ba na shakkar amanarsu, amma matsayin da kowannensu yake kai zai hana koke isowa gare shi tun daga tushe. Abin da ake fara dubawa a irin wannan naɗi shi ne mai koke da abin da yake tsoro, domin ma'aikaciyar da shugabanta ke matsa mata da maganganun banza tana lissafin abu uku kafin ta buɗe baki: ko za a yarda da ita, ko maganar za ta fita gari har ta kai kunnen mijinta ko iyayenta, da kuma ko za ta rasa abincinta. Duk wanda aka naɗa, idan ganinsa bai rage mata waɗannan tsoro ba, kundinsa zai zauna fayau, kai kuma ka ɗauka lafiya lau ake.

Ƙanen maiɗakinka surukinka ne, kuma ma'aikata sun san haka ko da ba a taɓa faɗa a taro ba. A wurinsu, abin da aka gaya masa da safe ya isa gidanka kafin magariba. Bayan haka, sashensa ne ke ɗaukar aiki, ya tsara hutu, ya rubuta takardar gargaɗi da ta kora, alhali kaso mai yawa na koke-koken wurin aiki a kan waɗannan abubuwa yake tasowa, don haka sau da yawa shi ne za a kai ƙara ko wani na hannun damarsa. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta ƙoshi. Damagaram gari ne da zumunta ta sarƙe, wanda ke Birni yana da ɗan'uwa a Zango, na Zango yana da suruki a Sabon Gari, saboda haka ba za ka sami mutumin da ba shi da alaƙa da kowa ba. Abin da za ka iya shi ne ka kauce wa wanda alaƙarsa ke kaiwa ga masu iko a kamfanin, sannan ka rubuta ƙa'idar cewa duk ranar da koke ya shafi ɗan'uwan mai karɓa, ko surukinsa, ko amininsa, ko wanda ke sama da shi kai tsaye, to ya janye hannunsa ya miƙa wa wani.

Batun dattijon ya fi wuyar bayani, domin a ido shi ne zaɓin da kowa zai yaba. Matsalar ita ce girman da ake ba shi yana zuwa da kunya, kuma yarinyar da ke kiransa Baba ba za ta iya maimaita masa kalmomin da aka faɗa mata ba, balle ta nuna masa hoton da aka turo mata a waya. Sannan tarbiyyar dattawanmu ta sulhu ce: a kira su biyun, a yi nasiha, a ce a yi haƙuri a rufa wa juna asiri. Wannan hanya tana da kyau ga saɓanin abokan aiki a kan rabon aiki ko ɗaga murya. Amma haɗa wadda aka ci zarafinta da wanda ya ci zarafin a ɗaki ɗaya, a nemi ta yafe a gaban babba, ƙarin zalunci ne, kuma yana koya wa sauran mata cewa kai ƙara ba ya haifar da komai sai tonon silili. Kada kuma a manta shi mai kula da sito ne, inda ake auna buhu, ake karɓar kaya daga 'yan kasuwa, wato ɗaya daga cikin wuraren da rahoton ha'inci ya fi fitowa a kamfani irin naku.

Ya kamata ka san cewa al'amarin ya wuce sharaɗin abokan hulɗa. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta haramta amfani da iko a wurin aiki don neman lalata da wani. A gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003 an mai da wannan hali laifi, inda a lokacin aka sa masa hukuncin ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100 na sefa, da ƙarin hukunci idan mai laifin yana da iko a kan wanda ya cuta. Abokan hulɗarka kuwa mai yiwuwa da ma'aunin Yarjejeniya ta 190 suke aiki, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a Janeba a watan Yunin 2019. Ita ta faɗaɗa batun ya haɗa da zagi da barazana da wulaƙanci, ta shigar da masu koyon aiki da masu neman aiki, ta kuma ɗauki tafiyar aiki da saƙonnin waya a matsayin ɓangaren wurin aiki. Ma'anar haka a wurinku ita ce abin da ya faru a mota tsakanin Damagaram da Magarya, ko saƙon murya da shugaban sashe ya tura ta WhatsApp da tsakar dare, duk suna cikin abin da mai karɓar koke zai saurara.

Ƙasashen da suka tsara wannan aiki a doka sun bar darasi mai amfani. Indiya, a dokarta ta 2013, ta wajabta wa wurin aiki mai ma'aikata 10 ko fiye ya kafa kwamiti wanda babbar ma'aikaciya mace ke shugabanta, aƙalla rabin membobinsa mata, tare da mutum ɗaya daga wajen kamfanin, kuma a kammala bincike cikin kwana 90. Tarayyar Turai, a ƙa'idarta ta 2019 kan kare masu tona asirin ɓarna, ta ce a sanar da mai rahoto an karɓa cikin kwana 7, a ba shi bayani cikin wata 3. Waɗannan dokoki ba su hau kanku ba, amma tsarin Indiya ya fi kusa da yanayinmu, kuma da shi zan auna naku: mutum biyu a ciki, mace da namiji, daga sassa daban-daban, da mutum na uku a waje, lauya ko ƙwararriya daga wata ƙungiyar kare haƙƙin mata, wanda za a nufa idan ƙarar ta shafe ka kai kanka ko iyalinka. Na san wannan na ƙarshen yana da ɗaci ga mai kamfani, amma ma'aikata da shi za su gane ko da gaske ake.

Wajen zaɓen mutum biyun na ciki, kada muƙami ya ruɗe ka. Nemi mai matsakaicin matsayi wanda ya daɗe a aikin, wanda ba a taɓa jin wata magana ta fito daga bakinsa ba, wanda ya iya rubuta abin da aka faɗa masa da Hausa ya mai da shi Faransanci ba tare da ƙari ko ragi ba. Idan akwai masu jin Barbarci ko Fillanci fiye da Hausa a cikin ma'aikatanka, a tanadi tafinta amintacce tun kafin buƙata ta taso. Tambayi matan da ke tsince da niƙa wa suke kai wa kukansu a yanzu, domin galibi akwai wata da suka riga suka zaɓa ba tare da takarda ba. Sannan ka gwada waɗanda ka ware da misali guda: wata ta ce direba yana yawan taɓa ta yana cewa wasan taubasai ne, shi kuma ya rantse wasa ne kawai irin na Fulani da Barebari. Wanda ya yi dariya ya ce ai al'ada ce, bai dace ba. Wanda ya yanke wa direban hukunci nan take shi ma bai dace ba, domin wanda ake zargi yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma ƙarar ƙarya don shafa wa mutum kashin kaji tana faruwa. Wanda ake nema shi ne zai tambaya yaushe, a ina, sau nawa, wa ya gani, ta taɓa ce masa ya daina, kuma me take so a yi yanzu.

Kayan aikin ba su da tsada, amma rashinsu na rusa komai. Kada ɗakin sauraro ya zama kusa da biron darakta ko a idon maigadi, inda duk wadda ta shiga za a san abin da ya kai ta. A ba masu karɓar koken waya da layi na wannan aiki kaɗai, da kabad mai makulli, da rajista wadda ake rubuta lamba a maimakon suna, sunayen kuma a ajiye su a wata takarda daban. A karanta wa mai koke abin da aka rubuta kafin ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Kuma kada a yi mata alƙawarin cewa babu wanda zai sani har abada, domin bincike na buƙatar a fuskanci wanda ake zargi. A gaya mata gaskiyar waɗanda za su sani da dalilin saninsu.

A raba aikin gida uku: mai karɓa, mai bincike, mai yanke hukunci. Hukuncin naka ne a matsayinka na shugaba, sai fa idan ƙarar ta shafe ka. Rahoton kuɗi, kamar rasit na bogi, ko ma'aikacin da ake cire masa kuɗin CNSS, wato asusun fansho da kariyar ma'aikata na ƙasa, ba a zuba ba, yana buƙatar mai sanin lissafi wanda ba ya cikin sashen kuɗinku, don haka masu karɓa su miƙa shi ga mai binciken asusu na waje. Abin da ya kai fyaɗe ko duka kuwa ya wuce hurumin kamfani; aikinsu a nan shi ne taimaka wa wadda aka cuta ta ga likita ta kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ba tare da an jinkirta ta da sunan binciken cikin gida ba.

Su ma waɗanda ka naɗa suna buƙatar kariya, domin ranar da suka rubuta gaskiya a kan wani babba za a fara yi musu bi-ta-da-ƙulli. Rubuta a takardar naɗinsu cewa ba za a sauya musu wurin aiki ko a rage musu wani haƙƙi saboda wannan aiki ba, ka ware musu lokaci a cikin sa'o'in aiki, ka biya musu horo, ka sa wa'adin shekara 2 ko 3 da za a iya sabuntawa. Shigar da wakilan ma'aikata cikin shawarar zaɓen, kuma a sanarwar da za a liƙa, a kuma karanta da baki ga waɗanda ba su yi boko ba, a faɗa fili cewa kowa na da damar zuwa wurin sufeton ƙwadago kai tsaye. Reshen Magarya kada a bar shi a hannun shugaban reshen; ɗaya daga cikin biyun ya riƙa zuwa a ranar da kowa ya sani, lambar wayar kuma ta kasance a bangon wurin aiki. Surukinka zai yi amfani wajen rubuta wannan tsari cikin dokokin cikin gida na kamfani da aiwatar da hukunci bayan an yanke, dattijon kuma a bar masa sasanta ƙananan saɓani, da sharaɗin duk abin da ya ji ya shafi cin zarafi ya tura shi ga waɗanda aka naɗa.